Kasuwa Ukun da Na Ce wa Baba Altine

Akwai ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba a shekara ashirin da na yi ina kanikancin mashin a Tambuwal. Wata Alhamis ce cikin bazara, kimanin shekara tara ke nan, ranar da na yar da sifana a ƙasa na bi bayan Baba Altine mai gishiri a guje zuwa ƙasar Kebbe. Tunda yau mun taru ana yaye mutum biyu daga cikinmu, kuma an ce kowane babba ya faɗi wani abu, ni wannan zan faɗa. Waɗanda suka sha jin labarin su yi haƙuri, ba za su hana ni maimaitawa ba.

A lokacin ina aiki a garejin Oga Mamman, Allah ya ji ƙansa, nan kusa da tasha. Ga baƙinmu da ba 'yan sana'a ba, gareji irin namu hawa uku ne. Akwai mai gareji, shi ne Oga. Akwai waɗanda aka yaye amma suka zauna suna aiki a ƙarƙashinsa, sai kuma masu koyo. Ni ina hawa na biyu, shekarata uku da yayewa. Gyaran birki, sauya sarƙa, wanke kafireto, duk ina yi ba tare da na tambayi kowa ba. Amma buɗe inji sai da izinin Oga, domin in aiki ya lalace sunan garejinsa ne zai ɓaci.

Baba Altine dattijo ne siriri, marar yawan magana, ya kusa sittin. Gishiri da kanwa yake sayar wa makiyaya. Mashin ɗinsa ƙaramin inji ne, irin wanda muke kira mai ɗari, kuma ba shi da gona mai kirki, ba shi da shago. Da wannan mashin yake ciyar da mutum goma sha ɗaya. Kasuwar da ta fi yi masa riba ita ce ta Tungar Kaɗe, wani ƙauye a ƙasar Kebbe, wadda ke ci ranar Alhamis. Kafin a isa can sai an sauka daga titi an bi burtali, an ƙetare wani busasshen rafi, sannan a hau wani tudu na rairayi mai tsawo. A nan mashin ɗin ke gazawa kullum. Sai tsohon nan ya sauke buhu huɗu, ya riƙa tura mashin da buhu ɗaya-ɗaya, ya dawo ya ɗauki wani. Kafin ya isa kasuwa azahar ta yi, makiyaya sun saya a hannun wasu sun tafi shayar da dabbobinsu.

Wata Laraba ya kawo mini gyaran kuloci, karo na uku a wata biyu. Yana tsugune yana kallona, sai ya ce, "Sahabi, wai babu wani abin da aka yi ma mashin shi ƙara ƙarfi? Ni dai ba ni iya sayen babba."

Wallahi ji na yi kamar an yi mini albishir. Na fi shekara ina jiran wanda zai yi mini wannan tambaya. Wani zuwa da na yi Sakkwato sayen kayan gyara, na tsaya tun hantsi har la'asar a kan wani bakanike yana mayar da mai ɗari ya koma mai ɗari da ashirin da biyar, har motar dawowa ta kusa tashi ta bar ni. Tun daga ranar abin ke cina. Ga wanda bai sani ba, a cikin inji akwai wani rami da fistin ke hawa yana sauka a ciki. Gidan wannan ramin muke kira buloki. In aka sa buloki mai rami mai faɗi da fistin daidai da shi, injin zai shaƙi mai da iska da yawa, kowane bugu ya fi na da ƙarfi. Kamar dai a sauya wa mace ƙaramin turmi da babba, a ba ta taɓarya mai nauyi.

Na ce wa Baba Altine ana yi, kuma zan yi masa. Sai bayan ya tafi na tuna ban nemi izini ba.

Oga Mamman ya saurare ni har na gama zuba, yana sakace haƙori. Ya ce, "Wanda yaƙ ƙera mashin ga ya san abin da shika yi da yas sa mai ɗari."

Na ce, "Oga, da idona nig ga an yi."

Ya ce, "Awo, ka gani. Ka taɓa yi?"

Na ce, "Ban taɓa ba."

Ya ce, "In kak kashe mashin ɗin tsohon ga, da mi za shi ci da gida nai?"

Duk da haka ban janye ba. Kwana biyu ina bin sa, ina zana masa a ƙasa da tsinke, ina lissafa masa abin da za a sauya da abin da za a bari. Ranar Juma'a da safe ya ce to, amma da sharaɗi biyu. Zai zauna a kaina daga farko har ƙarshe, kuma ba zai sa hannu ko a noti ɗaya ba. Ban bari ya rufe baki ba na shiga motar Sakkwato, na dawo da buloki da fistin da ringi da gaskit, na rungume su a ƙirji kamar jinjiri, ban yarda an sa su a but ba.

Ranar Asabar na sauke injin. Kafin hantsi labari ya zaga tasha cewa Sahabi zai mayar da jakin Baba Altine doki, sai ga 'yan kabu-kabu sun cika rumfa, wasu har sun fasa ɗaukar fasinja. Wani ya ce injin zai tashi sama ya faɗo a garin Jabo. Wani ya ce in ya yi, shi ne na biyu a layi. Ni dai ba na jin kowa. Bakin da buloki ke zama ya yi wa sabon kaɗan, na yi ta goge shi da magagari a hankali, ina gwadawa ina cirewa, har ya zauna daram. Sannan na zo wurin da na fi tsoro. Babban fistin yana iya dukan bawul, wato 'yan ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi, in ya hau sama, kuma in ya doka sau ɗaya komai ya ƙare. Sai na yanko sabulun wanki, na murza shi ya yi laushi, na liƙa a kan fistin, na rufe injin, na juya shi da hannu sau biyu, na sake buɗewa. Bawul ya bar shaida a jikin sabulun amma bai huda shi ba, da sauran kauri a ƙasa. Oga ya karɓa ya duba, ya mayar mini.

Ranar Lahadi na sauya wa kafireto hancin mai da wanda ya fi faɗi, tunda babban ciki sai da babbar loma. Na sa faifan sarƙa na baya mai haƙora da yawa, domin ja muke nema a rairayi, ba gudun titi ba. Na sa wa kuloci sifirin masu tauri. Bayan azahar na ɗaure noti na ƙarshe, na zuba baƙin mai, na yi bisimilla.

Kik na farko, shiru. Na biyu, ya yi tari. Na uku sai ya kama! Wata irin murya ya fitar, mai kauri, daga ƙasa, wadda ba a taɓa jin ta a bakin wannan mashin ba. 'Yan kabu-kabu suka ɓarke da ihu, wani ya ɗaga ni sama, wani ya cire mini hula ya jefa. Oga Mamman ya taso a hankali, ya ɗora bakin sukudireba a jikin buloki, ya kara ƙotar a kunnensa, ya daɗe yana saurare. Da ya ɗago sai ya ce, "Hm." Waɗanda suka yi aiki da shi sun san wannan "hm" ɗin ya fi a ba ka kyautar riga.

Yanzu ga inda labarin yake. Sabon buloki da sabon ringi, wato zoben da ke kewaye da fistin, ba su san juna ba, sai sun goga juna a hankali sun zauna. In aka ɗora wa injin kaya ko aka murɗe masa totur kafin nan, zafi zai kumbura fistin ya cije a cikin ramin. In ya cije ana cikin ja da ƙarfi, yana iya karya sandar da ke riƙe da shi ta fasa cikin injin gaba ɗaya. Masu takarda da kilomita suke ƙirga wannan lallaɓawa. Mu kuwa, a duk Tambuwal ban san mashin goma da agogonsu ke aiki ba. Saboda haka tun kafin in shigo sana'a, abin da kanikawanmu ke cewa shi ne "kasuwa uku". Kasuwarmu mako-mako take ci, ran Litinin, don haka a wurinmu kasuwa uku mako uku ke nan.

Na miƙa wa Baba Altine makulli, mutane na ta dafa kafaɗata, kaina ya yi girma. Na ce, "Baba, kasuwa ukku za ka lallaɓa shi. Babu kaya, babu gudu. Bayan ta farko ka kawo a juye mai."

Ya maimaita a hankali, yana lanƙwasa yatsu. "Kasuwa ukku. Babu kaya, babu gudu. A juye mai bayan ta farko."

Na ce, "Shi ke nan, Baba, ka gane."

Washegari Litinin da la'asar sai ga shi ya kawo a juye mai. Na yi dariya na ce, "Baba, tun yanzu?" Ya ce, "Kai kac ce bayan ta farko." Na ga ai gaskiya ne, yau an ci Tambuwal. Na juye masa, ina cewa a raina tsohon nan ya cika bin doka.

Ranar Alhamis da hantsi ina kwance ƙarƙashin wani mashin, sai Bello ɗan bumburutu, mai sayar da fetur a galan a bakin hanyar Kebbe, ya biyo ta gareji yana washe baki. Ya ce, "Sahabi, hannunka ya yi albarka! Tsohon ga ya sha mai wurina ɗazu, buhu fuɗu bisa kariya, yat tashi kamar babu komi baya nai."

Ban san lokacin da na miƙe ba, har na ƙume kaina da salansar mashin ɗin. Na ce, "Buhu nawa?"

Ya ce, "Fuɗu. Mi af faru?"

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce bai fi rabin awa ba.

Na juya na ga Oga Mamman ya riga ya miƙe tsaye. Ban taɓa ganin ya yi sauri ba sai ranar. Ya zaro makullin mashin ɗinsa daga aljihu, babban mashin da ko ƙaninsa bai taɓa hawa ba, ya jefo mini. Ya ce, "Ɗauki nau, ya fi naka gudu. Ɗauki baƙin mai da sifanar fulogi. In ka iske shi da rai, kak ka bari shi sake tada shi."

Na hau hanyar Kebbe kamar an koro ni. A lokacin hanya lafiya lau take, babu abin tsoro sai ramuka da awaki. Ina gudu ina faɗa ni kaɗai. Wane irin tsoho ne wannan? Da bakinsa ya maimaita, a gaban mutane! Kwana uku kacal har haƙurinsa ya ƙare? Na shirya maganganun da zan gaya masa, waɗanda ban isa in gaya wa sa'an mahaifina ba, na jera su tsaf.

Duk inda na ga mutane sai in rage gudu in tambaya. Wasu mata masu sayar da mangwaro suka ce ya wuce, har ya bar wata motar kaya a baya. Wani mai faci ya ce, "Mai gishiri? Ai yau ban gane shi ba, sai da yaw wuce. Wa yag gyara mai mashin?" Zan gaya muku gaskiya, duk da tsoron da nake ji, wani gefe na zuciyata daɗi yake ji. Buhu huɗu, ya wuce mota! Aikina ne fa! Sai in tuna kowane irin wannan gudu yana ƙara wa fistin zafi, sai in ƙara murɗa totur.

Na sauka daga titi na shiga burtali. Ga sawun tayarsa nan ya nutse cikin ƙasa saboda nauyi, shi na yi ta bi. Na ƙetare busasshen rafin, sai ƙaurin ƙonannen mai ya daki hancina tun kafin in gan shi. Da na ɗaga kai, ga shi can a kan tudun rairayi, ya wuce rabi, mashin a tsaye shiru. Ya kwance jarkar ruwansa, yana buɗe murfi, ya sunkuya kan injin.

Na ƙwala ihu da duk ƙarfina. "Baba! Kak ka zuba! Kak ka zuba!"

In ruwan sanyi ya taɓa buloki mai irin wannan zafi, tsagewa zai yi nan take. Na yar da mashin ɗin Oga a rairayi, ko jingine shi ban yi ba, na haura da gudu na fizge jarkar daga hannunsa. Daga nan na buɗe baki. Na ce ya kashe mini aiki, na ce ya kashe wa kansa abinci, na ce in ba zai ji magana ba me ya sa ya maimaita ta a gaban jama'a. Murya sama nake yi, Allah ya yafe mini.

Ya bari na gama. Fuskarsa babu fushi, mamaki ne kawai. Ya ce, "Sahabi, ɗana, mi niy yi? Kasuwa ukku kac ce." Ya ɗaga hannu ya fara lanƙwasa yatsu kamar yadda ya yi ranar Lahadi. "Littinin na ci Tambuwal. Talata na ci 'yak kasuwag ga ta bayan Jabo. Larba na ci wadda ag gaba da Dogon Daji. Ukku ke nan. Yau ta fuɗu ta."

Na bi yatsunsa da ido ina ƙirgawa.

Ya ci gaba, yana ganin kamar ban yarda ba ne. Ya ce duk kwana ukun nan ko ƙullin kanwa bai ɗora wa mashin ba. Kayansa a amalanken wani maƙwabcinsa ya riƙa turawa tun asuba, shi kuma ya bi baya a hankali, har masu keke na wuce shi suna yi masa dariya. Wani ya roƙe shi ya rage masa hanya, ya hana, domin na ce babu kaya. Ya ce, "Ni ban ƙetare maganakka ba ko da taki guda."

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Mutumin da kullum yana wata kasuwa, kwana bakwai kasuwa shida, shi na ce wa kasuwa uku. Mu da ke zaune a rumfa ɗaya shekara da shekaru, kasuwa ɗaya muka sani, mun ɗauka duk duniya haka take ƙirga. A duk waɗanda na taɓa yi wa aiki babu wanda ya bi umarnina sak kamar wannan tsoho, kuma shi na tsaya ina ɗaga wa murya a tsakiyar daji. Na tsuguna na ce, "Baba, ka yafe mani. Laifina na, ba naka ba."

Ya ce, "Bar wanga. Mashin ɗin ya mutu?"

Na ce, "Ban sani ba tukuna."

Na tambaye shi yadda ya tsaya. Ya ce yana cikin hawa lafiya sai ya ji ƙarfin ya ragu, injin ya yi nauyi, shi kuwa ya kama kuloci da sauri, sai ya mutu. Wannan kama kulocin ya ba ni ɗan fata. Muka sauke buhunan, muka tura mashin ƙarƙashin wata kaɗanya, muka zauna jiran ya huce da kansa. Ban taɓa ganin awa mai tsawo irin wannan ba. Baba Altine carbinsa kawai yake ja, yana kallon mashin. Ni kuwa mutum goma sha ɗayan nan nake ta gani a idona, da tambayar da Oga ya yi mini.

Da na iya ɗora tafin hannu a kan buloki, na cire fulogi, na ɗiga baƙin mai ta ramin, na jira ya sauka. Na sa giya ta sama, na kama tayar baya ina girgiza ta gaba da baya a hankali. Ta ƙi motsi. Na ƙara mai, na sake jira, na sake girgizawa. Can sai na ji wani ɗan "ƙas", tayar ta juya. Na toshe ramin fulogi da babban yatsana na ce, "Baba, taka kik, a hankali." In ringi ya karye ko ramin ya ƙwarzane sosai, iska za ta zurare, ba zan ji komai ba. Ya taka. Iska ta ture mini yatsa da ƙarfi, fuf!

Na yi tsalle na ce, "Shina da rai! Baba, shina da rai!"

Tsohon nan ya zauna daɓas a rairayi ya ɗaga hannu sama yana hamdala. Na juye man da ke ciki, ya fito baƙi ƙirin da ɗan ƙyalƙyalin garin ƙarfe, na zuba sabo. Bugu biyu ya tashi. Na kara sukudireba a kunne yadda Oga ke yi, na ji muryar tana nan, babu ƙwanƙwasa. Na ɗora buhu biyu a mashin ɗin Oga na haura da su, na dawo na kwashi biyun, shi kuma ya biyo ni ba kaya, a hankali. Mun isa Tungar Kaɗe ana shirin kiran azahar, ya samu ya sayar da abin da ya samu.

Da na dawo gareji na ba Oga labari, na so in ɗan rage wa kaina nauyi. Na ce ai kowa a garin nan ya san abin da ake nufi da kasuwa uku. Oga ya ce, "Shi tsohon, sana'atai mi ta?"

Na ce, "Cin kasuwa."

Ya ce, "Kullum?"

Na ce, "Kullum."

Ya ce, "To. Ni ma ina zaune nij ji ka faɗi, ban gyara ba." Ya sa aka kira Baba Altine, ya gaya masa da kansa cewa Alhamis biyu masu zuwa babu kaya, ta uku ita ce ranar. Sannan ya juyo kaina ya ce tunda bakina ya jawo, ni zan riƙa kai gishirin Tungar Kaɗe har ranar ta zo. Haka na zama ɗan dako. 'Yan tasha suka laƙaba mini Sahabi Kanwa, har yau akwai tsofaffin 'yan kabu-kabu da ba su san ni da wani suna ba.

Ranar Laraba ta jajiberin gwaji na sake ɗaure kan injin, na daidaita bawul, na zuba sabon mai. Alhamis da sassafe muka tashi. Ba mu kaɗai ba, 'yan kabu-kabu biyar suka bar aiki suka biyo mu, har da wanda ya ce injin zai faɗo a Jabo. Oga Mamman ma, da ba ya barin rumfa sai salla, ya hau nasa ya biyo baya. A bakin busasshen rafin muka tsaya. Na ce, "Baba, giya ta biyu, kak ka sauya, kak ka sake totur." Ya gyara hularsa, ya yi bisimilla, ya shiga da buhu huɗu.

Tayar baya ta fara watsa rairayi, mashin ya yi rawa hagu da dama. Sai injin ya yi wannan muryar tasa mai kauri, ya dafe, ya fara hawa. Muna binsa da ƙafa a guje muna ihu kamar yara. Ya wuce inda yakan sauke kaya. Ya wuce kaɗanyar da muka zauna. Ya kai ƙoli, muna jiran ya tsaya mu yi murna, sai muka ga ƙeyarsa ta ɓace. Ko waiwaye bai yi ba! Oga Mamman ya yi dariya har da riƙe ciki, abin da ban taɓa gani ba.

Da muka isa kasuwa muka iske shi ya shimfiɗa buhu ya jera gishiri da kanwa a rumfar bakin hanya, wadda kowa ke so. Babu kowa a wurin sai mai shara da wasu 'yan mata masu nono. Yana zaune yana waige-waige kamar baƙo. Ya dube ni ya ce, "Sahabi, shekara sha ɗaya nika zuwa kasuwag ga, ban taɓa ganin yadda taka farawa ba." Kafin azahar ya kakkaɓe buhunansa.

Bayan shekara biyu ya kawo mini mashin ɗin sauyin ringi, na buɗe injin. A gefen fistin akwai wani tabo dogo, tsawon ɗan yatsa, inda ya cije a ranar. Na sa masa sabo, na roƙe shi ya bar mini tsohon. Ga shi nan na zo da shi, ku miƙa wa juna ku duba, musamman ku biyun da ake yayewa yau. Na auna komai a aikin nan daidai, na gwada da sabulu, na ɗaure kowane noti yadda ya kamata. Hannuna bai yi kuskure ba, bakina ne ya yi wannan tabon.

Mu kanikawa mun iya sauraren inji, har mu kara ƙarfe a kunne, amma mai injin ba mu cika tsayawa mu ji shi ba. Mutum zai ce maka ya gane, kuma gaskiya ya faɗa, ya gane da irin ƙirgarsa. Manomi da damina yake ƙirga, ma'aikaci da ƙarshen wata, mai cin kasuwa da kasuwanninsa. Shi ya sa har yau ba na miƙa wa kowa makulli sai na ce ya gaya mini da bakinsa wace rana zai ɗora kaya. In ya faɗi ranar, sannan in saki makullin.